Finjalin Baba Hamad

Abin da ya fara tarbata a Maskat, can ƙasar Larabawa, zafi ne. Ni mutumin Jos ne, haifaffen unguwar Ali Kazaure, inda rana in ta ɗan buɗe ido sai mu fara ƙorafi. Da na sa ƙafa a wajen filin jirgi sai na ja da baya, ina neman wanda ya bar tanda a buɗe. Ga ni cikin rigar sanyi mai dogon wuya, wadda matata Maman Hafsa ta dage sai na sa, don ta ji an ce ƙasar waje sanyi gare ta.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya rantse cewa ina sauka zan ga mutum riƙe da kwali mai sunana, zai kai ni ofishin da zan riƙa tuƙa manya a mota mai sanyi. Na karanta kowane kwali da ke wurin, har da na tallan sabulu, ban ga Sabo ba. Lambar ejan kuwa tun ranar ta suma, kuma ina jin har yau ba ta farfaɗo ba. Motar hayata da na yi shekaru ina lodi da ita a tashar Laranto, ita na sayar na yi wannan tafiya. Komawa gida hannu banza ba abin da zan iya kallon Maman Hafsa da shi ba ne.

Wani mai tasi ya hango baƙunta a jikina, ya karɓi adireshin da ke hannuna, ya yi ta zagaye da ni har muka saba da wani masallaci mai koriyar hasumiya, in mun zo wucewa sai in ɗaga masa hannu. Ni direba ne, na san zagaye in na gan shi, amma da wane baki zan yi faɗa? Larabcina na salla ne. In na buɗe baki zan yi magana, sai mutane su ce amin. Da ya gaji ya sauke ni a ƙofar wani ɗan ofis, a nan aka gaya mini gaskiya. Aiki akwai shi, amma ba a Maskat ba, kuma ba manya zan tuƙa ba. Tankar madara ce, a wata gonar shanu can kudu, kan duwatsun da ke bayan Salala.

Washegari aka sa ni a bas. A nan ya kamata in gabatar da abokin tafiyata, wato gwangwanin kofina.

Sanyin asubar Jos ne ya haɗa mu. Direban da zai yi lodin farko a Laranto, in bai sa wa cikinsa abu mai zafi ba, yatsunsa ba za su riƙe sitiyari ba. Mutane suna shan shayi da madara, ni kuwa na zarce. Mai shayinmu ya san ma'aunina: ya yi ta zuba gari har sai cokali ya tsaya da kansa a tsakiyar kofi. Da safe in sha, da hantsi in sha, kafin la'asar in ƙara, har na gaji da jiran mai shayi na fara yawo da nawa gwangwanin a aljihu. Da haka 'yan tasha suka raɗa mini Sabo Gwangwani. Abokina Davou, bakaniken da ke gyara mini mota, mutumin Vom, kullum sai ya ce, “Oga Sabo, jininka ya kai a juye shi kamar baƙin mai.”

Hamadar da bas ɗin nan ya ratsa, ina jin tun da aka halicce ta ba a gama auna ta ba. Babu dutse, babu itace, babu ko akuyar da mutum zai kalla ya ji daɗi. Ruwan zafi kuma babu. Da kaina ya fara sara sai na buɗe gwangwani na riƙa lasar garin haka nan busasshe. Wani ɗan Pakistan da ke kusa da ni ya kalle ni ya kalle ni, sannan ya ciro filas daga jakarsa ya tsiyaya mini ruwan zafi a murfi, ya yago mini rabin gurasarsa. Ba mu yi magana ba har muka rabu, ban ma san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Da muka doshi kudu sai ƙasa ta canza shawara. Hanya ta fara hawa, yayyafi ya sauko, gajimare ya kwanta a kan titi, ga ciyawa kore shar, ga shanu suna kiwo a gindin duwatsu. Wallahi da an rufe mini ido an buɗe a nan, cewa zan yi hanyar Vom ce a watan Agusta, har na fara duba gefen titi ko zan ga mata da kwandunan dankali. Na ciro rigar sanyin Maman Hafsa na sa, na nemi gafararta a zuci.

A gonar aka nuna mini tankar, fara sol, sabuwa, irin wadda direba ke gani a mafarki. Amma aka ce ba a ba kowa makullinta sai likita ta sa hannu, domin hanyar da ke sauka daga dutsen zuwa gari duk kwana ce da gangara.

Likitar 'yar Indiya ce, 'yar ƙarama, mai gilashi a kan hanci. Ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, kamar mai zaton na farkon ya yi mata ƙarya. Ta sa abin sauraro a ƙirjina, ni kuwa na san abin da take ji, kalangu ne ake kaɗawa a ciki. Ta tambaye ni kofi nawa nake sha a rana. Na ce mata ban taɓa ƙirgawa ba, don ba na son tayar wa kaina hankali. Ba ta yi dariya ba. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in rage gishiri, kofi kuwa in bar shi ɗungurungum, in dawo ƙarshen wata. In jinin ya sauka ta sa hannu. In bai sauka ba, ba za ta ɗora ni a kan tanka in gangaro wa mutane ba, gona kuma ba ta ajiye direban da ba ya tuƙi. Ma'ana jirgi, ma'ana Jos, ba mota ba aiki.

A ranar na kyautar da gwangwanina ga wani ɗan Bangaladash da muke ɗaki ɗaya. Na miƙa masa kamar mai ba da riƙon ɗa, har da yi masa bayanin yadda ake rufe murfin. Na kira Maman Hafsa na shaida mata na tuba. Ta ce, “Baban Hafsa, shekara nawa ina faɗa? Sai da ka tsallaka teku wata ta faɗa maka da Turanci.”

Kafin wata ya ƙare aka sa ni wankin garwaye da taya masu tatsa. A nan ne na haɗu da Baba Hamad.

Baba Hamad yayan mai gonar ne, tsoho dogo, siriri, mai jan gemu da lalle, kunnensa kuma ya yi nauyi. Ba ya wani aiki a gonar sai ɗaya, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi: shi ke ba da gahawa. Bayan tatsar safe da bayan la'asar, kowa da kowa, daga mai gona har mai kwashe kashin shanu, sai a zauna a wani zaure mai darduma, a ajiye dabino a tsakiya. Baba Hamad ya shigo da buta mai dogon baki a hannun hagu, finjalai a dama, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayawa. Finjalin bai fi murfin kwalba ba, kuma ko rabi ba ya cika shi.

Na san gahawa kofi ce, ba wai ban sani ba. Amma ni ɗan mutane ne, tsoho ya miƙo mini abu da hannunsa a gidansu, in ce ba na so? Na ce a raina wannan ɗigon ko sauro ba zai hana barci ba. Na karɓa da dama, na kurɓe, na miƙa masa finjalin da ladabi na ce, “Alhamdu lillahi.”

To, kowa ya san a wurinmu in mutum ya janye hannu ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi ke nan, magana ta ƙare. Ga shi kuma da Larabci na faɗa, harshensu, har ina jin kaina. Baba Hamad ya washe baki, shi ma ya ce alhamdu lillahi, ya sake tsiyayawa.

Na shanye, don a gidanmu ba a rage abin da babba ya ba ka. Na miƙa, na ƙara ɗaga murya saboda kunnensa, na ce alhamdu lillahi. Ya dafa ƙirji, ya kalli sauran mutane kamar mai cewa kun ji mai tsoron Allah, ya tsiyaya. Kowa ya gama ya koma kan dabino, ni da Baba Hamad muna nan, shi a tsaye ni a zaune, ina hamdala yana zubawa, har buta ta yi ƙara. Ranar na gode wa Allah fiye da yadda na gode masa a duk azumin da ya wuce.

Haka muka ci gaba safe da yamma. Na gwada dabaru. Na zauna a ƙarshen layi, ya zo gare ni da sauran butar gaba ɗaya. Na riƙe finjalin na ƙi miƙawa, ya tsaya a kaina shiru da buta yana jira, har kunya ta sa na miƙa. Na ce shukuran, ya zuba. Na karanto masa wata doguwar addu'a da na haddace tun ina yaro, ya ce amin, ya zuba. Na ƙi zuwa zauren, ya aiko a tambaya ko wani ya ɓata mini rai. Daga baya ma sai ya sauya buta, ya kawo wata babba da nake jin ta biki ce.

Akwai abin da na lura da shi, amma na yi masa gurguwar fassara. Duk wanda zai mayar da finjali, sai in ga hannunsa ya ɗan yi rawa. Mai gona haka, baƙi haka, 'yan Bangaladash haka. Tausayinsu ya kama ni. Na ce Allah sarki, gari guda gahawa ta gama da jijiyoyinsu, ga inda ni ma na dosa.

Na kira Davou na kai masa kuka, na ce na bar kofi amma ina shan wanda ya fi na da. Ya yi dariya har na ji sifana ta faɗi a ƙasa. Ya ce in na dawo zai nema mini aikin tura baro a Laranto, tunda wannan ba ya bukatar likita. Bayan ya gama tsiyarsa sai ya sassauta murya ya ce ya leƙa gidana ya kai musu buhun dankali, kowa lafiya, kada in sa tunani. Da muka ajiye waya na daɗe zaune a bayan garke. Ba abin da nake so a lokacin kamar in ji hayaniyar tasha, ana kiran fasinja da Hausa da Turanci da Yarbanci a numfashi ɗaya.

Wata rana aka yi baƙi daga gari. Baba Hamad ya nuna ni da baki yana yi musu bayani, na gane ni ne abin kallon gidan. Ranar na sha har na fara jin ƙarar ciyawa tana tsirowa. Da na ɗaga finjali zan miƙa, hannuna ya kama kakkarwa da gaske, ba na wasa ba. Sai Baba Hamad ya karɓa, ya kalle ni, ya sauke numfashi, ya je ya zauna. Bai ƙara ba. Washegari hannuna ya natsu, aka koma gidan jiya. Sai na yanke hukunci cewa tsohon nan ba ya ƙyale mutum sai ya ga alamar ajali.

Ana cikin haka Malam Usman ya dawo daga hutu. Shi ne malamin dabbobin gonar, mutumin Sudan. Da ya ji daga inda nake sai ya riƙe hannuna ya ce, “Sannu da baƙunci, ɗan'uwa.” Na kusa faɗuwa cikin kwatamin shanu. Ashe kakanninsa Hausawa ne da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan, Hausarsa irin ta tsofaffi, mai nauyi, babu ko ɗigon Turanci. Na riƙe shi da surutu har shanu suka fara kuka.

Da la'asar muka shiga zaure tare. Ya sha biyu, hannunsa ya yi rawa, aka wuce shi. Ya zauna yana kallon ni da Baba Hamad muna hamdalarmu. Na ga yana cizon leɓe, yana sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Da aka tashi ya ja ni waje ya tambaye ni ko ina son gahawa haka ne. Na ce masa gahawar nan ita za ta mayar da ni Najeriya, na kwashe labarin likita na gaya masa. Ya ce to me ya hana in ce na ƙoshi? Na ce Malam, tun da na zo ba abin da nake faɗa sai shi.

Sai da ya jingina da bango ya gama dariyarsa, sannan ya ɗauko finjali ya riƙe da yatsu, ya ɗan kaɗa shi dama da hagu.

“Ga na ƙoshi a nan,” in ji shi. “Ba da baki ake faɗa ba. In ka miƙa bai yi rawa ba, ƙari ka nema. Alhamdu lillahinka kuwa, yabon gahawarsa yake ji.”

Na tuna mutanen da na yi ta tausaya wa jijiyoyinsu, ashe ni kaɗai ne majinyaci a zauren. Na tambaye shi me ya sa 'yan ɗakinmu ba su gaya mini ba. Ya je ya tambayo su, suka ce su ma sun zaci so nake, kuma kallon yana rage musu gajiya.

Abin da ya rage shi ne Baba Hamad. Na ji tsoron in na fara kaɗa finjali kwatsam zai ɗauka na raina shi, bayan ya gama yabona a gaban baƙi. Malam Usman ya raka ni ɗakin tsohon, ya durƙusa kusa da kunnensa ya yi masa bayani da ƙarfi, har masu tatsa suka ji sirrina. Tsohon ya shafa gemu. Sannan ya ɗage zanensa ya nuna mini gwiwoyinsa, duk biyun a kumbure, an naɗe su da ƙyalle. Ya yi magana a hankali, Malam Usman yana juya mini. Ya ce a wurinsu mai ba da gahawa ba ya zama muddin baƙo bai kaɗa finjali ba. Tun da na zo bai zauna a zauren nan ya ci dabino cikin mutane ba sai sau ɗaya. Kullum in ya koma ɗaki sai ya shafa wa ƙafafunsa mai, yana roƙon Allah ya sa ɗan Najeriyan nan ya ƙoshi.

“Ya ce ka kusa kashe shi,” in ji Malam Usman.

Na ce a gaya masa shi ma haka.

Baba Hamad ya yi dariya har ya yi tari, ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe bai saki ba.

Sai a lokacin na fara barin kofi na gaskiya, ga shi wata ya tsufa. Kaina ya yi ciwon da ban taɓa ji ba, kamar masu fasa dutse sun samu kwangila a ciki. Ina wanke garwa ina gyangyaɗi, har wata saniya ta lashe mini kunne ban sani ba. Na yi fushi da kowa, har da ƙofa. Ɗan Bangaladash ɗin nan in zai haɗa kofinsa sai ya fita can bayan rumbun ciyawa don kada ƙamshin ya iso ni, ban roƙe shi ba, shi ya ga dama. A zaure kuwa Baba Hamad ya daina kawo mini gahawa ko ɗigo. Ya samo wata 'yar buta daban, madara mai ɗumi da citta, ya tsiyaya mini a finjali kamar kowa don kada in zauna hannu banza. In sha ɗaya, in kaɗa finjalin har da kafaɗa don kada a samu kuskure, shi kuma ya tafi ya zauna ya miƙe ƙafa. A hankali barci ya dawo mini, irin wanda na manta da shi tun ina saurayi.

Ranar komawa asibiti Baba Hamad ya sa farar riga ya ɗauki sanda ya ce da shi za a je, tunda da hannunsa a cikin hawan jinin nan. Likita ta ɗaura abin awo. Ina jin yana matse ni, zuciyata ta tuna motar da na sayar, ta fara gudu. Ta duba, ta taɓe baki, ta ce ya sauka amma bai kai ba.

Sai ta tambaye ni wane ne tsohon da ke zaune a bakin ƙofa yana hararar na'urarta. Na ba ta labarin da Turancin tasha, ina yi ina kwatantawa da hannu, yadda yake zubawa, yadda nake hamdala. Wannan karon ta yi dariya har ta cire gilashi ta goge ido. Ta ce in zauna shiru in huta, kada in yi magana, wanda shi ne magani mafi ɗaci da aka taɓa ba ni. Bayan wani lokaci ta sake ɗaurawa. Ta daɗe tana kallon allurar na'urar, sannan ta jawo takarda ta sa hannu. Ta ce duk wata in zo ta gani, in kuma ta ji ƙamshin kofi a bakina, da kanta za ta kai ni filin jirgi.

Washegari da sassafe aka ba ni makulli. Yayyafi yana sauka, gajimare ya rufe gangarar, na yi bisimilla na ɗora hannu a kan sitiyari, na ga ya zauna lafiya lau ba ya motsi. Na sauko da tankar nan kwana bayan kwana, a hankali, kamar mai ɗauke da jariri, har motocin da ke bayana suka gaji da hon suka haƙura. Da na isa wurin saukewa, mai karɓa ya hau ya buɗe murfi ya leƙa, ya ɗaga mini babban yatsa. Madara ce na kawo. Da Sabon da ya sauka a Maskat ne ya tuƙo ta, man shanu za su kwasa.